In An Rufe Gari, A Bar Wa Mace Hanyar Gidan Iyayenta

Ranar 5 ga Mayu, 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwa cewa cutar korona ta fita daga sahun masifun gaggawa da suka game duniya. Kafin wannan rana ma jama'a sun riga sun jefar da takunkumi, kasuwanni sun cika, motocin Ikko da Badun da Fatakwal sun koma jigila, kowa ya kama gabansa. An yi lissafin waɗanda suka mutu, an yi na dukiyar da ta salwanta, an yi ta jayayya a kan buhunan shinkafar tallafi da aka ɓoye a rumbuna. Akwai lissafi ɗaya wanda har yanzu ba a zauna an yi shi sosai ba, watau na matan aure da 'ya'ya waɗanda dokar zaman gida ta rufe su a ɗaki ɗaya da mai dukansu. Wannan magana kuwa ta shafi 'yan Arewa mazauna Kurmi fiye da kowa, domin da yawansu gida biyu gare su: ɗaya inda suke neman abinci, ɗaya inda suka bar iyali. Unguwar Yelwa ta birnin Bauchi ta isa misali.

Ya kamata a tuna yadda abin ya zo. Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Ikko. Ranar 24 ga Maris aka bayyana cewa Gwamnan Jihar Bauchi, Sanata Bala Mohammed, ya kamu. Ranar 29 ga Maris Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya ba da umurnin rufe Ikko da Jihar Ogun da Abuja daga daren 30 ga wata, kuma ba a sassauta ba sai 4 ga Mayu, lokacin da aka sa dokar hana fitar dare a ƙasa duka, daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. An hana tafiya daga jiha zuwa jiha har 1 ga Yuli. A cikin wannan tsakani aka yi bikin Ista, aka yi azumin Ramadan, aka yi ƙaramar Salla, duk mutane suna rarrabe da danginsu.

Birnin Bauchi bai ga irin kullen da Ikko ko Kano suka gani ba. Kulle sosai a jihar ya faɗa ne a kan Katagum da Giade da Zaki a watan Mayu, bayan mace-macen da aka yi a Azare. Amma an rufe makarantu, an tsare kan iyakokin jiha, an hana taron jama'a, an kuma hana sana'ar acaɓa. Wanda ya san Yelwa ya san abin da wannan yake nufi. Unguwa ce da ke kan hanyar Dass, wadda rayuwarta ta jingina da makarantu: Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa tana da mazauni a can, Kwalejin Aikin Gona tana can, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Gwallameji kusa da ita. Musulmi da Kirista, ƙabilu iri iri, suna zaune a Yelwan Tudu da Yelwan Makaranta da Kagadama da Lushi, da yawa a gidajen haya masu tsakar gida ɗaya. Mai ɗakin haya, da mai tuwo-tuwo, da mai shayi, da mai wanki da guga, da mai shagon buga takardu, da ɗan acaɓa, duk a kan ɗalibai cinikinsu yake. Da ɗalibai suka watse, sa'an nan yajin aikin malaman jami'a ya ja daga Maris har Disamba, sai kasuwar unguwa ta mutu a tsaye.

Ta ɗaya gefen kuma kuɗin Kurmi ya yanke. Tun ranar 1 ga Fabrairu na shekarar gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a wasu sassan birnin, abin da ya riga ya karya 'yan Arewa masu yawa. Kulle ya zo ya ƙarasa sauran: mai dako, da mai yankan farce, da mai gyaran takalmi, da mai tura ruwa, kowa ya zauna. Magidancin da ya saba aika kuɗin cefane kowane mako ya rasa abin aikawa, ya kuma rasa motar da za ta kai shi gida. Wanda ya samu ya sulale ya dawo kuwa, ya dawo hannu rabbana, ya zauna a ɗaki da baƙin ciki da bashi.

A nan ya kamata a lura da yadda gidan Bahaushe yake tafiya. Kalmar kulle ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, an daɗe da sanin auren kulle. Amma ko macen da ke cikin kulle tana da ƙofofi. Da rana gida na mata ne, maigida yana kasuwa ko gona ko wurin aiki, in ya dawo ma yakan tsaya a zaure ko majalisa. Yara suna shiga da fita, suna kai saƙo, suna kawo labari. Akwai biki, akwai suna, akwai gaisuwar rasuwa, akwai ranar awo a asibiti, akwai makarantar Islamiyya, ga matan Kirista kuma akwai taron zumuntar mata. A irin waɗannan wurare ne gwaggo takan ga kumburin fuska ta tambaya, malama takan lura ɗalibarta ta rame, ungozoma takan ga tabo a baya. In abu ya yi tsanani akwai yaji: mace ta ɗauki mayafinta ta tafi gidan iyayenta, miji ya zo biko, manya su zauna, a yi masa faɗa, a ɗora masa sharaɗi. In wannan bai yi ba, akwai mai unguwa, akwai liman ko fasto, akwai alƙali. Ba tsari ne marar aibi ba, domin sau da yawa yakan ƙare da “ki yi haƙuri” a mayar da ita inda ta fito. Duk da haka shi ne abin da yawancin mata suke da shi, kuma mai mugun hannu yana shakkarsa.

Dokokin korona sun bi waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya sun rufe, ba tare da wani ya nufi haka ba. Biki da suna suka tsaya. Makarantu suka rufe. Mata suka ji tsoron asibiti. Abin hawa ya yi wuya, ya yi tsada. Wadda iyayenta ke Jos ko Gombe ko Azare ba ta da hanyar yaji. Kotu ma ta rufe, domin Babban Jojin Nijeriya na lokacin, Mai Shari'a Ibrahim Tanko Muhammad, ya umurci kotuna su dakatar da zama daga 24 ga Maris, sai fa shari'o'in gaggawa. 'Yan sanda kuwa hankalinsu ya koma kan shingaye. Aka bar mace da mijin da ba shi da aiki, da yara da ba su da makaranta, da tukunyar da ba ta hau wuta ba, a ɗaki ciki da falo, dare da rana. Hausawa sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Balle a ce zo mu zauna da yunwa.

Ƙididdigar da aka samu ta tabbatar da wannan. Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Nijeriya ya fitar da rahoto a watan Mayu na 2020, wanda ya nuna cewa a wurare uku da aka yi wa kulle sosai, Ikko da Ogun da Abuja, ƙarar cin zarafin mata ta tashi daga 60 a watan Maris zuwa 238 a watan Afrilu. A watan Yuni Sufeto-Janar na 'yan sanda, Mohammed Adamu, ya ce an kai ƙarar fyaɗe 717 daga Janairu zuwa Mayu. A wannan wata ne kuma gwamnonin jihohi 36 suka ce sun sa dokar ta-ɓaci a kan fyaɗe da cin zarafin mata, bayan kashe-kashen 'yan mata da suka girgiza ƙasa a Benin da Badun. Sai dai duk wanda zai karanta waɗannan alƙaluma ya riƙe wani a zuciyarsa. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya samu cewa kashi 31 cikin 100 na mata masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa shan duka ko wani cin zarafi na jiki, kuma fiye da rabin waɗanda abin ya shafa ba su nemi taimako ba, ba su ma gaya wa kowa ba. Wannan a lokacin da hanya take buɗe ke nan. Littafin caji ofis ba ya ƙirga wadda ba ta iya isa caji ofis ba. Saboda haka shirun da aka ji daga unguwanni irin su Yelwa a watannin nan bai isa shaidar zaman lafiya ba.

Abin bai tsaya ga Nijeriya ba. Ranar 5 ga Afrilu, 2020, Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, Antonio Guterres, ya roƙi gwamnatoci su sa tsaron mata a cikin shirinsu na yaƙi da cutar. A Faransa ƙarar duka a gida ta ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 a makonnin farko na kulle. Abin da ya kamata a koya daga can shi ne dabarar da suka yi. A Sifen da Faransa an lura cewa kantin magani yana cikin wuraren da ba a rufe ba, sai aka shirya wata kalma wadda mace za ta faɗa wa mai kanti, shi kuma ya kira hukuma a madadinta. Watau sun duba ƙofar da ta rage a buɗe suka mai da ita ƙofar ceto. Tun kafin haka Afirka ta Yamma ta ga gargaɗi: lokacin cutar Ebola a 2014, da aka rufe makarantun Saliyo wata da watanni, 'yan mata da yawa sun yi ciki, wasu ba su sake komawa aji ba.

A Ikko akwai abin da aka tanada. Jihar tana da dokar hana duka a gida tun 2007, tana da rukunin ma'aikata masu karɓar irin wannan ƙara tun 2014, akwai kuma Cibiyar Mirabel a asibitin koyarwa na Ikeja wadda aka buɗe a 2013 domin waɗanda aka yi wa fyaɗe. Da kulle ya zo sai aikin ya koma ta waya. Amma a yi tunanin Bahaushiyar da aka ɗauko daga Yelwa aka kai Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba, ko Sabo ta Badun. Ba ta jin Yarbanci, Turancinta kaɗan ne, wayar gidan tana aljihun maigida, in ma tana da tata babu kati, kuma wanda za ta kai ƙara yana zaune a gabanta. Uwarta tana nisan kwana guda a mota. Gaskiyar magana ita ce wannan baiwar Allah tana cikin rabin kullen korona tun kafin korona ta zo, kuma tana cikinsa har gobe. Haka nan wadda aka bari a gida a hannun dangin miji: in kuɗi ya daina zuwa, ita ce ta kusa, a kanta ake huce haushi, wani lokaci har a nuna mata ƙofa da goyo a bayanta.

Akwai masu cewa talauci ne ya jawo, a ba mutane abinci a ga in ba a daina ba. Lalle yunwa tana hura wuta, kuma gwamnatin da ta rufe mutane ba ta ciyar da su ba tana da nata laifi. Amma magidanta dubbai sun sha wannan yunwa ba su ɗaga hannu ba, kuma an samu duka a gidajen da firji yake cike. Yunwa takan fito da halin da yake kwance ne. Akwai kuma masu cewa wannan sirrin gida ne, tsakanin miji da mata sai Allah. To, addini bai ce haka ba. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni a naɗa masu sulhu biyu, ɗaya daga danginsa ɗaya daga nata, in an ji tsoron ɓaraka. A mazhabar Malikiyya da kotunan ƙasar nan suke bi, alƙali yana da ikon raba aure in mace ta tabbatar ana cutar da ita. Duk wannan yana nuna cewa Shari'a ta ɗauka mace za ta iya isa wurin danginta, za ta iya isa gaban alƙali. Wanda ya toshe mata hanyar nan ya hana ta haƙƙin da addini ya ba ta. Wasu kuma za su ce ai kulle dole ne, rai ake ceto. Ba a musa ba. Amma dokar da ta bar mai burodi da mai gidan mai da ɗan jarida su wuce shinge, ba za ta gagara barin macen da jini ke zuba a goshinta ta wuce ba.

Ta fuskar doka an ɗan ci gaba. A watan Mayu na 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana cin zarafin jama'a, wadda ake kira VAPP. Ta mai da dukan abokin aure laifi, haka korarsa daga gida da ƙarfi, haka yin watsi da iyali ba ci ba sha, ta kuma ba kotu ikon ba da takardar kariya wadda za ta hana mai laifi kusantar wanda ya zalunta. Sai dai a Abuja kaɗai take aiki sai jiha ta karɓe ta, alhali tsohuwar dokar Fanal Kod ta Arewa, a sashe na 55, ta bar wa miji kafar “gyara” matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba. Jihar Bauchi ta karɓi dokar VAPP a shekarar 2020, kuma wannan abin yabo ne. Amma doka a takarda kamar rijiya ce ba guga. Mace nawa a Lushi ko Yelwan Tudu ta san akwai takardar kariya? Wa ya karanta mata dokar da Hausa? In ta fito da tsakar dare, ina za ta kwana?

Kada a ce magana ta wuce tun da cutar ta lafa. Annoba takan dawo da wani suna. Ban da haka, Yelwa ta san dokar hana fita ta wata fuskar, domin an sha sa mata ita bayan rigingimu, har a shekarar 2022. Kowace dokar hana fita, ko ta cuta ko ta tarzoma, tana rufe ƙofofin nan da aka lissafa. Don haka wannan shafi yana kira da a yi shiri tun ana zaune lafiya, kuma shirin ba mai tsada ba ne.

Duk sanarwar da za ta hana fita, a rubuta a cikinta ƙarara cewa wanda ke gudun duka ko fyaɗe yana da izinin zuwa asibiti, ko caji ofis, ko gidan iyaye, ko gidan mai unguwa, a kuma karanta wannan a rediyo da Hausa kamar yadda ake karanta sauran. A sa ma'aikatan jin daɗin jama'a a cikin masu aikin dole waɗanda ake ba takardar wucewa. A ware alƙali mai jiran irin wannan ƙara ko da sauran kotuna sun rufe. A tanadi ɗakunan kwana na gaggawa a ƙarƙashin ma'aikatar mata, a kuma sa musu kuɗi a kasafi da sunansu, don kada su dogara ga baƙin da ke ba da taimako yau su tafi gobe. A koya wa masu kemis da ungozomomi da malaman Islamiyya da shugabannin zumuntar mata abin da za su yi in mace ta yi musu raɗa, domin su ne ƙofar da ba ta rufuwa. Ƙungiyoyi irin su FOMWAN, wadda aka kafa tun 1985, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, suna da mutane da sanin aiki, sai dai a jawo su tun kafin rana ta ɓaci. In za a raba tallafin abinci kuma, a ba uwargida a hannunta, don an ga inda buhu ya bi ta kasuwa bai iso gida ba. Wakilan jama'a a majalisar jiha da kansiloli, na kowace jam'iyya, su ne za a tambaya ina aka kwana a kan waɗannan.

Sauran aikin na mazauna Kurmi ne da kansu, ba sai an jira gwamnati ba. Kowane zango yana da Sarkin Hausawa, yana da limamai, yana da ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya waɗanda ke tara kuɗi don jana'iza da belin ɗan'uwa. Fadar da ke sasanta rikicin tumatir da na shanu ta isa ta ware dattijuwa biyu ko uku waɗanda kowace mace a zango ta san gidajensu buɗe suke gare ta, su zama mata uwa da gwaggo a baƙon wuri. Asusun da ke kai gawa gida ya isa ya biya wa mai rai kuɗin mota zuwa wurin iyayenta. Magidancin da ya bar iyali a Bauchi ya bar wa matarsa waya tata ta kanta, ya aika kuɗin cefane hannunta, ya bar mata 'yar sana'ar da za ta riƙe gida in hanya ta rufe. Uban da ya aurar da 'yarsa zuwa Ikko ya riƙa jin muryarta ita kanta, kada ya wadatu da “suna lafiya” daga bakin suruki. Maƙwabcin da ya ji kuka ta bayan katanga kuwa, sallama a bakin ƙofa ba ta karya kowace doka ba, kuma ta sha ceton rai.

Hukumomi sun nuna a 2020 cewa suna iya rufe gari cikin dare ɗaya. Abin da ake nema gare su kafin wani karo shi ne layi ɗaya a cikin sanarwa, da alƙali ɗaya mai jira, da ɗaki ɗaya mai fitila. Allah ya kiyashe mu da sake ganin annoba, ya zaunar da gidajen jama'a lafiya, amin.